Dodon Hoto: Yadda Za Ku Fito da Fuskokin Kakanninku da Wayar Hannu

 Wannan makon za mu ɗan ajiye maganar jarrabawa, mu leƙa ƙasan adakar tsofaffi.

Tambaya ce ta zo mana daga wani ɗalibin sakandare ɗan Tsamaye, a ƙaramar hukumar Sabon Birni. Ya ce a cikin kayan kakarsa ya tarar da wata tsohuwar ambulan cike da siraran robobi, wasu baƙaƙe, wasu ruwan goro. In ya ɗaga su a rana yana ganin mutane a ciki, amma fuskokinsu fari fat, fararen rigunansu kuma baƙi ƙirin. Hotunan takarda da aka wanko daga cikinsu sun daɗe da salwanta, kuma ya tambayi masu hoto sun ce masa yanzu ba a wanke irin waɗannan. Yana son sanin ko akwai yadda za a yi ya ga fuskar kakansa, wanda ya rasu tun kafin a haife shi.

Akwai, kuma ba sai an je Sakkwato ko Kano ba. Wayoyi biyu da kwali da reza da haƙuri sun isa.

Abin da ya tsinta shi ake kira dodon hoto, masu hoto kuma su ce nagatif. Kafin zuwan kyamarar zamani, galibin hotunan da ake ɗauka sai sun bi ta fim. Fim roba ce mai garau da aka shafa wa wani irin danƙo a gefe ɗaya, a cikin danƙon kuma akwai ƙananan ƙwayoyin sinadarin azurfa masu jin haske. Inda haske ya bugi fim da yawa, nan ne yake yin baƙi bayan an wanke shi. Inda hasken ya yi kaɗan sai ya zauna garau. Shi ya sa komai yake fitowa a juye, har haƙoran mai murmushi su koma baƙaƙe, abin tsoro ga yaro. Mai hoto yakan haska dodon a kan takarda ta musamman a ɗaki mai duhu, sai juyin ya sake juyawa, hoto ya fito daidai. Ke nan dodon shi ne uwa, hoton takarda ɗa ne. Uwar kuma ta fi ɗan cika, don akwai ƙananan abubuwa a cikinta, kamar ɗinkin hula ko rubutun allon kanti, da ƙaramar takarda ba ta iya nunawa.

Iri biyu za ku fi cin karo da su. Akwai mai huji-huji a baki, wanda ake ce wa fim ɗin milimita 35. Kowane hoto a jikinsa milimita 24 ne a tsaye, 36 a kwance, kuma nadi ɗaya yakan ɗauki hoto 24 ko 36. Sai babba mai kusurwa huɗu daidai, santimita 6 kowane gefe, na tsofaffin ɗakunan hoto, galibi baƙi da fari. In kun samu wannan babban kun yi sa'a, shi ya fi sauƙin aiki kuma ya fi kyau.

Wani injiniyan kamfanin Kodak mai suna Steven Sasson ne ya haɗa kyamarar dijital ta hannu ta farko, wadda ba ta bukatar fim, a 1975. Abin da ya ƙirƙira shi ya cinye sana'ar gidansu, har kamfanin ya kai kansa kotu neman kariya daga masu binsa bashi a watan Janairun 2012. A garuruwanmu ma haka ta faru: masu wankin fim suka rufe ɗaya bayan ɗaya, wasu suka koma ɗaukar bidiyon biki, buhunan dodanni kuma aka bar wa gara da kyankyasai.

Dalilin da ya sa na ɗauki wannan tambaya a gaban sauran shi ne wurin da ta fito. Ko'ina zafi da laimar damina suna cin fim, amma a ƙasar Gobir akwai ƙarin abin da ke cinsa. Duk mai karanta wannan shafi ya san halin da Sabon Birni da Isa suke ciki a 'yan shekarun nan. A watan Satumban 2019, Hukumar Kula da 'Yan Gudun Hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce mutum fiye da 40,000 daga Sakkwato da Zamfara da Katsina sun tsallaka zuwa jihar Maraɗi. Wanda ya fita da dare da goyo a baya ba ya tsayawa neman ambulan a ƙasan adaka, kuma babu mai ganin laifinsa. Amma memori ɗin waya bai kai farce girma ba, yana shiga aljihu da hoto dubu a cikinsa. Wannan aiki ne na wanda yake zaune yau, ba na jira sai an samu hutu ba.

To, ga yadda ake yi. Ku fara da wanke hannu, ku bari ya bushe sarai. Dodo ana riƙe shi ne ta baki-baki, don maiƙon yatsa yana zama a jikinsa har abada. Ƙura kuma a kaɗe ta da tsabtataccen buroshi mai laushi ƙwarai. Kada ku hura da baki, yawu yana fita. Kada ku goge da gefen riga, musamman da hunturu, domin ƙurar nan yashi ce, za ta zana layi a fuskar mutum. Babban kuskure kuwa shi ne wankewa da ruwa: danƙon da ke riƙe da hoton yana kumbura in ya jiƙa, idan kuma fumfuna ta riga ta ci shi, sai ya narke ya bi ruwan, a bar ku da roba garau. Waɗanda suka manne da juna kada ku ɓamɓare su da ƙarfi. Wanda kuma kuka ji yana warin tsami irin na ruwan khal, ko ya fara tattarewa, robarsa ce ta fara ruɓewa, kuma tsamin da take fitarwa yana kama na kusa da ita. Ku ware shi daban, kuma shi za ku fara ɗauka.

Sai haske. Dodo ba a haska shi ta gaba, ta baya ake haska shi. Ku buɗe farin shafi a waya ta farko, ku ƙure haskenta, ku kwantar da ita. Amma kada ku ɗora dodon kai tsaye a kan gilashinta, don fuskar waya ɗigo-ɗigo ce, kuma ɗigon zai fito a hoton kamar rariya. Ku yanka wata 'yar taga a jikin kwali daidai girman hoto ɗaya, ku ɗora kwalin a kan akwatin ashana ko littattafai ta yadda zai yi sama da fuskar wayar da kamar santimita 4 ko 5, sannan ku shimfiɗa dodon a kan tagar. Idan ya nannaɗe, ku danne bakinsa da wani kwalin mai taga. Farar roba mai launin madara, irin murfin bokitin fenti, in an sa ta tsakani tana ƙara baje hasken. Farar takarda ba ta kai ta ba, saboda zarenta yana fitowa.

Waya ta biyu ita ce kyamara, kuma ba a riƙe ta a hannu. Ku kifa kwalin taliya ko na sabulu a kan duk kayan nan, ku huda samansa daidai idon kyamara, ku kwantar da wayar a kai. Tsayin kwalin ya danganta da wayarku: ku matso da ita a hankali har inda hoton zai fara dishi-dishi, sai ku ɗan ja baya, nan ne wurin. Yawancin wayoyi ba sa gani sosai in an matso ƙasa da santimita 8 zuwa 10. Kwalin yana yin aiki biyu, yana riƙe waya, yana kuma tare hasken ɗaki, wanda in ya faɗa kan dodon yake sa ƙyalli. Ku kashe filasha, ku goge idon kyamarar, ku taɓa tsakiyar hoton ku riƙe har saitin ya kulle, sannan ku sa agogon daƙiƙa 3 don kada taɓawar yatsa ta girgiza wayar. Akwai wata dabarar masu hoto ta gane ko waya ta zauna daidai: a kwantar da ƙaramin madubi a mazaunin dodon, in idon kyamara ya fito a tsakiyar fuskar waya cif, to babu karkata.

Bari mu yi ɗan lissafi, tunda 'yan makaranta ne. Waya mai megafiksel 12 tana ɗaukar ɗigo 4,000 a kwance, 3,000 a tsaye. Idan dodon ya cika kashi ɗaya cikin uku na faɗin fuskar, kun samu ɗigo kamar 1,300 ke nan, sauran duk kwali ne. Hoto mai girman katin gaisuwa, inci 6 da 4, yana son ɗigo 1,800 da 1,200 kafin ya fito tas. Don haka ku yi ƙoƙari dodon ya cika rabin fuskar ko fiye. Jawo hoto da yatsu biyu ba ya ƙara komai, buɗa ɗigon kawai yake yi. Abin da ke taimakawa shi ne ɗan gilashin ƙara girma da ake maƙala wa idon waya, wanda ake samu wurin masu sayar da kayan waya.

Wanda ya san mai ɗaukar hoton biki da ke da babbar kyamara, ya roƙe shi yini ɗaya. Kyamara mai megafiksel 24 tana ba da ɗigo 6,000 da 4,000, kuma fasalinta daidai yake da na fim ɗin milimita 35. In akwai gilashin ɗaukar abu na kusa, wanda suke ce wa makro, dodon zai cika fuskar baki ɗaya. A ɗaure ta a kan ƙafarta tana kallon ƙasa, a sa ISO 100 da f/8. Mai kyamarar ya san abin da ake nufi. Da irin wannan tsari gidajen tarihi da yawa suke aiki yanzu, domin ya fi tsohuwar na'urar sikana sauri nesa ba kusa ba.

Yanzu ga inda nake so Bagobiri ya buɗe kunne. Dodo yana da gaba da baya: gefe ɗaya yana ƙyalli, ɗayan bai yi. Mai ƙyallin shi zai kalli kyamara. Hanya mafi sauƙi ta ganewa ita ce rubutun da ke bakin fim, sunan kamfani kamar Kodak ko Fuji ko Agfa da lambobin hotuna. In suna karantuwa daidai, kun ajiye shi daidai. In kuka kifa shi, hoton zai fito lafiya lau, amma dama ta koma hagu. Wani zai ce mene ne a ciki? Tsagar Gobirawa ba ɗaya take a kumatu biyu ba, shida ce a gefe ɗaya, bakwai a ɗayan. Kun kifa dodo, kun sauya wa kakanku aska, kuma jikokinku da ba su taɓa ganin mai tsagar ido da ido ba haka za su ɗauka. Aljihun babbar riga da aikin da ke kansa a hagu suke, za su koma dama. Mai cin tuwo zai koma bahago, rubutun allo ya juya, sitiyarin mota ya sauya gefe. Na ƙarshen nan ba wasa ba ne ga mai son sanin shekarar hoto, domin sai ranar 2 ga Afrilun 1972 Najeriya ta bar tuƙi ta hannun hagu ta koma dama.

Bayan ɗauka sai juyawa. Manhajar Snapseed kyauta ce, kuma da zarar an sauke ta ba ta bukatar intanet. Ku buɗe hoton, ku yanke kwalin da ke gefe, ku shiga sashen da aka rubuta wa Curves. Za ku ga layi ya tashi daga ƙasa ta hagu zuwa sama ta dama. Ku ja ɗigon hagu ya hau can sama, ku ja na dama ya sauko ƙasa. Nan take dodo zai zama mutum. Mai kwamfuta kuma GIMP tana yin wannan da dannawa ɗaya. Hoton zai fito da ɗan hazo, sai a ƙara masa kaifin baƙi da fari kaɗan-kaɗan. Kafin ma ku fara, in dodannin suna da yawa, ku shiga saitin waya wajen taimakon masu raunin gani, ku kunna juya launi, ku buɗe kyamara ku riƙa dubawa; za ku ga kowane hoto a daidai, ku zaɓi waɗanda za ku fara da su. Wannan na kallo ne kawai, abin da wayar ta ajiye yana nan a dodonsa.

Mai launi ya fi ba da wahala. Ruwan goron da ke jikinsa da gangan kamfani ya sa shi don gyara launi a lokacin wanki, kuma in an juya shi yakan koma shuɗi, kowa ya fito kamar an tsoma shi a baba. Maganinsa, ku bar ɗan bakin fim inda babu hoto ya shiga cikin abin da kuka ɗauka. Kafin ku juya, ku shiga sashen daidaita fari, ku ɗora alamar a kan wannan bakin har ruwan goron ya koma toka-toka, sannan ku juya. Idan kun yi iya yinku launin ya ƙi, ku mayar da shi baƙi da fari. A ganina fuska mai kyau ba launi ta fi fuska shuɗiya.

Akwai kuma hoton majigi, ɗan fim guda a cikin firam na kwali ko roba mai santimita 5 kowane gefe, wanda malaman gona da na lafiya suke haskawa a bango a da. Shi ba dodo ba ne, launinsa daidai yake, ba ya bukatar juyawa. Ya fi duhu ne kawai, don haka yana son haske mai ƙarfi, kuma kada a ɓalle shi daga firam ɗinsa.

Zan ja kunnenku a kan manhajojin nan masu cewa suna gyara tsohon hoto da dannawa ɗaya. Ba fito da abin da ya ɓace suke yi ba, cike gurbi suke yi da zato, daga dubban fuskokin da aka horar da su a kai. Suna sumulce fata, kuma layin da ke kumatu suna iya ɗaukarsa a matsayin lalacewar hoto su shafe. Sai ka ga tsoho ya fito da fuskar wani ɗan fim. In za ku yi wasa da su, ku yi a kan kwafi, asalin ku bar shi yadda yake.

Rabin aikin kuma ba na waya ba ne. Hoton da babu wanda ya san mutanen cikinsa bai fi kalanda ba. Ku kai wa kaka ko gwaggo ko wani dattijon unguwa, ku zauna da littafi da biro: wane ne wannan, ɗan gidan wa, a ina, bikin me? Ku roƙi izini ku naɗi muryarsu ma. Shekara kuwa ana kamo ta daga abin da ke cikin hoton. Kuɗin da ake liƙi da shi in fam ne, to kafin 1973 ne ko farkonta, don ranar 1 ga Janairun shekarar naira ta fito. Lambar mota ko allon ofis mai sunan Jihar Arewa maso Yamma ya nuna tsakanin 1967 da 1976. Fastar neman gwamna ta Attahiru Bafarawa, ɗan ƙasar Isa da ya yi mulki daga 1999 zuwa 2007, ita ma shaida ce. Kowane hoto ku ba shi suna mai gari da shekara da lamba, ku rubuta lambar nan a ambulan ɗin dodonsa da fensir.

Kada ku raina abin da ke hannunku. Malick Sidibé mai hoton unguwa ne a Bamako, yana ɗaukar samari da 'yan mata a wuraren rawa da ɗakin hotonsa, amma ya adana dodanninsa, kuma a 2007 aka ba shi babbar lambar yabo ta baje kolin fasaha na birnin Benis a Italiya. Jami'ar Jihar Michigan ta Amurka, tare da iyalan masu hoton, ta mayar da dodanni kusan 100,000 na masu hoto biyar na ƙasar Mali zuwa kwamfuta. Ɗaya daga cikin biyar ɗin, Tijani Sitou na garin Mopti, Bayarabe ne. Gobirawa sai ku yi haƙuri, taubasanku sun daɗe suna riƙe da kyamara. A nan gida akwai Cibiyar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu a Sakkwato da Gidan Arewa a Kaduna, waɗanda aikinsu ke nan adana irin wannan. In kun ci karo da hoton hawan salla a Sabon Birni, ko tsohuwar kasuwa, ko 'yan ajin farko na makarantar garinku, ku nuna wa malamin tarihi ya taya ku tuntuɓarsu.

Amma nuna wa gidan tarihi daban, watsawa a Facebook da TikTok daban. Hoton amarya ko na matan cikin gida ba a fitar da shi sai da yardar masu shi. Kuma a yanayin da ake ciki a yankin, kada ku haɗa fuskar mutum mai rai da sunansa da garinsu da hoton gidansa ko garkensa ku saki ga duniya, ba ku san idon da zai gani ba.

Wajen ajiya, kwafi ɗaya ba ajiya ba ce. Ku bar ɗaya a waya, ɗaya a memori daban da ba ya zama a cikin wayar, ɗaya kuma wurin ɗan'uwa a wani gari, Sakkwato ko Maraɗi ko duk inda kuke da dangi. In za ku tura ta WhatsApp, ku tura a matsayin takarda, ba hoto ba, in ba haka ba zai matse shi ya zubar da ɗigon da kuka sha wahalar tarawa. Ajiyar intanet tana da kyau, amma kada ta zama ita kaɗai: mutanen Sabon Birni da Isa ba su manta watan Satumban 2021 ba, lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar Sakkwato.

Dodon kuma kada a zubar da shi don an ɗauka. A cire robar ɗauri da ƙarfen maƙala takarda, a sa kowane yanki a ambulan ɗin takarda, a ajiye a ɗaki mafi sanyi, nesa da kwanon rufi, sama da ƙasa inda gara da ruwa ba sa kaiwa. Wayar da za ku riƙe nan da shekara biyar za ta fi ta yau gani, kuma za ku so ku sake ɗauka.

Wanda ya gwada ya aiko mana da bayanin irin wayar da ya yi amfani da ita da tsayin kwalinsa, don masu irinta su huta da gwaji. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.